Araha Da Tsadar Bindigar Aljihu A Amurka

Ran 23 ga watan Yuni na shekarar 2022 ne Kotun Ƙoli ta ƙasar Amurka ta soke wata tsohuwar doka ta Jihar New York wadda ta shekara fiye da ɗari tana aiki, watau dokar da ta ce ba za a ba mutum lasisin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye ba sai ya kawo wa hukuma wani dalili na musamman. Alƙalai shida suka goyi bayan sokewar, uku suka ƙi. Tun kafin wannan hukunci jihohi da dama sun riga sun sassauta dokokinsu, kuma ya zuwa shekarar 2024 jihohi 29 daga cikin 50 sun yarje wa duk baligin da ba shi da laifin da ya hana shi riƙon makami ya soke bindiga a ƙugunsa, ya rufe ta da riga, ya shiga kasuwa, ba tare da ya nemi takardar kowa ba. Saboda haka tambayar da ta rage a bakin talakan Amurka idan ya tsaya gaban kantar mai sayar da makamai ita ce wacce zai saya, kuma nawa ce.

Masu yin wannan tambaya suna da yawa, kuma ba irin mutanen da ake gani a majigi ba ne. Wani bincike da malaman jami'o'in Harvard da Northeastern suka yi ya nuna cewa tsakanin watan Janairu na 2019 da watan Afrilu na 2021 mutane wajen miliyan 7.5 suka mallaki bindiga a karo na farko a rayuwarsu. Kusan rabinsu mata ne, kimanin kashi ɗaya cikin biyar kuma baƙar fata ne. A cikinsu akwai ma'aikaciyar asibiti mai tashi aiki da tsakar dare, da direban da ke kai wa mutane saƙo gida gida, da matar da tsohon mijinta ke yi wa barazana. Tsoron irin waɗannan mutane ba abin ba'a ba ne, kuma kuɗinsu ƙalilan ne. Mafi ƙanƙantar ladan da dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikaci shi ne dala 7.25 a sa'a guda, kuma bai motsa ba tun shekarar 2009. Ga mai irin wannan lada, bindigar dala 200 aikin sa'a 28 ke nan.

Kasuwar kuwa hawa hawa ce. A can ƙasa akwai irin su Hi-Point C9 da ake ƙerawa a Jihar Ohio, wadda ake samu a kan dala 200 ko ƙasa da haka, mai nauyi ce, mai kauri, da wuyar ɓoyewa. Sama da ita akwai Taurus G2C da G3C na wani kamfanin ƙasar Brazil, da kuma Ruger LCP wadda ta fito a shekarar 2008, ƙarama ƙwarai har tana shiga aljihun wando, gidan harsashinta na ɗaukar guda shida. Waɗannan ba su cika wuce dala 300 ba. Daga nan sai M&P Shield ta kamfanin Smith & Wesson (2012), da Glock 43 (2015), da SIG Sauer P365 wadda ta girgiza kasuwa a 2018 domin ta cusa harsashi goma cikin jikin da bai wuce tafin hannu ba. Kuɗinsu yakan kama daga dala 400 zuwa 600. Har ila yau akwai tsohuwar libarba mai juyawa, mai ɗaukar harsashi biyar, wadda da wuya ta cije amma kunamarta na da tauri. Mai saye yana duba waɗannan farashi ya yi lissafinsa. Lissafin nan shi ne inda kuskuren yake, domin kuɗin da aka rubuta a jikin bindigar shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ta ci masa.

Kafin a zo nan, ya kamata a san cewa gardama a kan bindiga mai araha ta daɗe a Amurka, kuma ba ta da tsabta ta kowane ɓangare. A shekarar 1879 Jihar Tennessee ta hana sayar da kowace irin ƙaramar bindiga in ban da irin ta sojan ƙasa da ta sojan ruwa, waɗanda su ne masu tsada. Masana tarihi da yawa sun fassara wannan doka da cewa dabara ce ta hana bayin da aka 'yanta da talakawan farar fata mallakar makami ba tare da an ambaci launin fata ba. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Sanata Robert Kennedy, Majalisar Tarayya ta yi dokar da ta hana shigo da ƙananan bindigogi masu araha daga ƙasashen waje, irin waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da bindigar daren Asabar, saboda a daren ne ake shan giya a yi faɗa da su. To, amma dokar ta bar ƙofa a buɗe, gama ba ta hana shigo da sassan bindigar a harhaɗa su a cikin gida ba. Bindigar da aka harbi Shugaba Ronald Reagan da ita a watan Maris na 1981 irin wannan ce: sassanta daga Jamus, an harhaɗa ta a Miami, an saye ta a wani shagon jingina na birnin Dallas a kan kuɗin da bai kai dala hamsin ba.

Da hanyar waje ta toshe sai wasu ƙananan masana'antu suka tsiro a kewayen birnin Los Angeles, irin su Raven da Jennings da Bryco da Lorcin da Davis, suna zuba bindigogi da ƙarfe mai laushi mai haɗin tutiya. A shekarar 1992 kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙananan bindigogin da aka ƙera a Amurka daga wurinsu suka fito. Ƙarshen kamfanin Bryco abin tunawa ne. An ƙera wata bindigarsa ta yadda ba za a iya fitar da harsashin da ke cikinta ba sai an cire makarin da ke hana ta tashi. Wani mutum yana ƙoƙarin sauke ta a gida sai ta tashi, ta sami yaro ɗan shekara bakwai, ya shanye har abada. A 2003 kotu a California ta ɗora wa kamfanin diyyar miliyoyin daloli, nan take ya bayyana cewa ya karye.

Wani zai ce ai araha ba ta ado, a sayi mai tsada a huta. Maganar ba ta tsaya nan ba. Amurka tana da hukuma ta musamman mai kula da lafiyar kayan masarufi, wadda ke da ikon janye gadon jariri ko tukunyar lantarki daga kasuwa idan an ga suna da haɗari, amma tun cikin shekarun 1970 Majalisa ta ɗaure mata hannu game da bindiga da harsashi. Wannan abin mamaki ne ƙwarai: bindigar wasa ta yara tana ƙarƙashin binciken hukuma, ta gaske kuwa sai abin da mai ƙerawa ya ga dama. Jihohi ƙalilan ne, kamar California da Maryland da Massachusetts, ke da jerin bindigogin da aka amince a sayar, California ma takan sa a yar da bindigar ƙasa a ga ko za ta tashi da kanta. Sakamakon wannan sakaci ya taɓa mai araha da mai tsada baki ɗaya. Kamfanin Ruger ya janye rukunin farko na LCP a 2008 saboda tana iya tashi in ta faɗi. Kamfanin Taurus ya yi sulhu a wata babbar shari'a a 2015 wadda ta shafi bindigogi kusan miliyan guda. Ita kanta SIG Sauer P320, wadda rundunar sojan Amurka ta zaɓi wani nau'inta a 2017, ta sha ƙararraki daga mutanen da suka ce ta tashi ba tare da an taɓa kunamarta ba, kuma a 2024 kotuna biyu, a Georgia da Philadelphia, sun ba masu ƙara gaskiya, ko da yake kamfanin yana nan kan bakansa cewa bindigar ba ta da aibi. Ke nan abin da ya kamata sabon mai saye ya bincika shi ne tarihin samfurin da yake so, shekara nawa ya yi a hannun jama'a, an taɓa janye shi ko ba a taɓa ba, maimakon ya dogara da tsada ko sunan kamfani.

Akwai kuma wata gaskiya da masu koyar da harbi suka daɗe suna faɗa, masu talla kuwa ba su son a ji. Ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar sarrafawa. Nauyin LCP bai kai giram 300 ba, na Glock 19 kuwa, wadda 'yan sanda da yawa ke riƙewa, ya haura giram 600. Idan harsashi ya fita, ƙarfin da ke komowa baya jikin bindigar ne ke shanye wani abu daga cikinsa, saboda haka mara nauyi ta fi tsalle a hannu, ta fi sa zafi a tafi, ga mariƙinta gajere wanda yatsu biyu kawai ke kamawa, ga tazarar saitinta kaɗan ce. Mutum ya sayi wadda ta fi sauƙin ɓoyewa, ya je filin koyon harbi sau ɗaya, hannunsa ya yi tsami, daga ranar bai sake komawa ba, amma kullum tana ƙugunsa. Wannan shi ne mutumin da ya fi kowa haɗari a cikin motar haya ko a layin biyan kuɗi. Domin a gane girman al'amarin, cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta tarar cewa idan ana musayar wuta kashi 18 cikin ɗari kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da aka horar, ake kuma sake gwada su kowace shekara. Sauran harsasan ba su ɓace a iska ba, wani wuri suka sauka.

To, ga lissafin da ya kamata a yi. Kube mai kyau, mai tauri, wanda ke rufe kunamar bindigar ruf, yakan ci dala 40 zuwa 80, kuma ba abin ƙawa ba ne, domin wasu daga cikin waɗanda suka harbi cinyarsu da kansu sun soke bindiga ne haka kawai a wando ko cikin jaka tare da mabuɗai. Kwalin harsashi hamsin na milimita tara na gwaji yakan kama daga dala 12 zuwa 20, wanda kuwa yake son hannunsa ya faɗa sai ya harba ɗaruruwa a shekara, ga kuɗin shiga fili, ga ladan mai koyarwa. Sai akwatin ƙarfe mai makulli na gida, da wani ƙarami na mota. Idan aka tara waɗannan duka za a ga sun kai kuɗin bindigar mai araha, sau da yawa ma sun ninka shi. Mutumin da ke da dala 600 a hannu, gara ya sayi bindigar dala 300 wadda aka daɗe ana gwadawa, ya zuba sauran a kube da makulli da horo, da ya zuba dukan kuɗin a kan mai tsada ya koma gida ba ko kwalin harsashin gwaji. Wanda kuma dala 200 ce iyakar ƙarfinsa, gaskiyar da ba a son faɗa masa ita ce kuɗinsa bai kai ba tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne laifin mahukuntan jihohi ya fito fili, na kudu da na arewa, kowa da irin nasa. Birnin New York yana karɓar dala 340 kuɗin neman lasisi, ban da na ɗaukar hoton yatsu, kuma dokar da jihar ta yi bayan hukuncin 2022 ta wajabta karatun sa'a 16 a aji da sa'a biyu na harbi, mai nema ne zai biya. Jihar Illinois tana karɓar dala 150 da horon sa'a 16. Horon nan daidai ne, amma an ɗora kuɗinsa a wuyan wanda ya fi kowa zama a unguwa mai haɗari, har lasisin ya zama na masu hali, tamkar dai dokar Tennessee ta 1879 ce ta dawo da sabuwar riga. Jihar Texas kuwa tun ran 1 ga watan Satumba na 2021 ta yar da sharaɗin lasisin, da shi kuma aka yar da sharaɗin horo da gwajin harbi. Wanda zai tuƙa mota a Texas sai ya ci jarrabawa, wanda zai ɗauki bindiga cikin taron jama'a ba mai tambayarsa ko ya san inda makarinta yake. Hanyar da ta dace ba ɓoyayyiya ba ce: a wajabta horon a ko'ina, hukuma ta ɗauki nauyinsa ko ta sauƙaƙa kuɗinsa ga mai ƙaramin ƙarfi, kamar yadda take ɗaukar nauyin allurar riga-kafi, tun da amfaninsa na jama'a ne duka. Jihar da ta ce riƙon bindiga haƙƙi ne na tsarin mulki ba ta da hujjar sayar da haƙƙin da tsada, ba ta kuma da hujjar sakin sa ba linzami.

Akwai kuma tsadar da ba a rubuta ta a rasit. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa mutane 48,830 ne bindiga ta kashe a shekarar 2021, kuma kashi 54 cikin ɗari daga cikinsu su ne suka harbe kansu. A 2023 jimillar ta sauko zuwa 46,728, amma rabon masu kashe kansu ya hau zuwa kashi 58. Wani babban bincike na Jami'ar Stanford da aka buga a 2020, wanda ya bi diddigin mutanen California fiye da miliyan 26 har tsawon shekara goma sha biyu, ya gano cewa namijin da ya mallaki ƙaramar bindiga ya fi wanda ba shi da ita yiwuwar kashe kansa da bindiga har kusan sau takwas, mace kuwa sau 35. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Baƙin ciki yakan zo ya wuce, wanda ya sha ƙwaya akan kai shi asibiti a ceto shi, amma harsashi ba ya ba da wannan dama. Mai saye yana tunanin ɗan fashin da zai tare shi a hanya, ba ya tunanin daren da aka sallame shi daga aiki, ko ɗansa matashi da ya san inda mabuɗin yake.

Maganar yara ma ta isa a dakata a kanta. Tun shekarar 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara ɗaya zuwa 19 a Amurka. Dokar tarayya ta 2005 ta tilasta wa dillalai su haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga da makulli, sai dai ba ta tilasta masa ya yi amfani da shi ba. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 wani uba a Jihar Michigan ya sayi ƙaramar bindiga ranar rangwamen kasuwa, bayan kwana huɗu ɗansa mai shekara 15 ya ɗauke ta ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar sakandare ta Oxford. A 2024 kotu ta sami uwar da uban da laifin kisa ba da niyya ba, ta ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15, kuma shi ne karo na farko da aka hukunta iyaye haka a ƙasar. Bindigar da aka bari a mota ita ma ta zama babbar hanyar da ɓarayi ke samun makami a biranen Amurka, har abin da aka saya don tsaron kai ya koma hannun wanda ake tsoro. Baƙar fata kuma yana da nasa ƙarin lissafin. Philando Castile yana da lasisinsa cikakke sa'ad da ɗan sanda ya tsayar da motarsa a Minnesota a watan Yuli na 2016, ya shaida wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da bindiga kamar yadda ya kamata, cikin daƙiƙoƙi kaɗan aka harbe shi har lahira, kotu kuma ta sallami ɗan sandan.

Ba a musun cewa akwai waɗanda bindiga ta cece su, kuma masana sun daɗe suna jayayya a kan ko yawanta yana rage laifi. John Lott ya rubuta littafi a 1998 yana cewa yana ragewa. John Donohue na Stanford da abokan aikinsa sun fito da nasu a 2019, suka ce jihohin da suka sassauta dokar yawo da bindiga sun ga manyan laifuffuka sun fi yadda da za su kasance da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma. Binciken baya-bayan nan ya fi karkata wajen Donohue.

Wannan magana ta shafi masu karatu a nan gida ta fuska biyu. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin kotun Amurka, a ƙarshen watan Yuni na 2022, gwamnatin Jihar Zamfara ta wancan lokaci ta shawarci jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan fashin daji, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da kowace irin ƙaramar bindiga cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Duk mai kiran a kwaikwayi Amurka, wajibi ne ya fara faɗin wanda zai horar da mutanen, da inda za a kulle makaman, da asibitin da zai karɓi sakamakon, tun da ƙasar da ta fi kowa arziki ma ba ta warware waɗannan ba.

Fuska ta biyu ta ɗalibai ce da ma'aikatan da ake turawa kwas. Saurayi ya sauka a Houston ko Atlanta, ya ga ana sayar da bindiga a kantin kayan wasanni, abokan karatunsa su ce masa ai jihar ba ta neman lasisi. Sassaucin jiha bai shafe dokar tarayya ba. Dokar ta haramta wa baƙon da ya shiga ƙasar da bizar zama na ɗan lokaci, har da bizar karatu, ya mallaki bindiga ko harsashi, in ban da 'yan togaciya ƙalilan kamar mai riƙe da lasisin farauta na wata jiha. Takardar da ake cikewa a wurin dillali tana tambayar matsayin bizar mai saye, yin ƙarya a cikinta laifi ne mai zaman kansa, haka nan sa wani ya saya wa mutum da sunansa. Tun shekarar 2022 hukuncin mallakar bindiga ga wanda doka ta hana ya kai ɗaurin shekara 15, bayan ya gama kuma a kore shi daga ƙasar. Ya kamata hukumomin ba da sukolashif na jihohi da ofisoshin jakadancin Nijeriya da ke Washington da New York da Atlanta su sa wannan bayani cikin takardun da suke ba kowane ɗalibi kafin ya hau jirgi.